Matuƙan Mokoro na Okabango

Babbar motar da ke ɗibar masu yawon buɗe ido daga Cape Town zuwa magangarar ruwa ta Biktoriya gida ce sukutum a kan taya. Akwai tantuna a cikinta, da katifu, da tankin ruwa, da tukwane, da kujerun naɗewa. Kusan mako uku take yi a hanya tana ratsa Namibiya da Botswana. Ta kai mutane su hau tuddan yashin Sossusvlei da asuba, ta zagaya da su dajin Etosha, duk inda yamma ta yi a sauke kaya, a kafa tanti, a hura wuta. Amma da ta iso Maun, a arewacin Botswana, sai a ajiye ta. Ƙaramar mota mai shiga yashi ce ke ƙarasawa da matafiya bakin ruwa, inda kwale-kwale ke jere a gaɓa, kowanne da mai shi tsaye riƙe da doguwar sanda. Daga nan har kwana biyu ko uku, ran kowa da kayansa suna hannun waɗannan mutane.

Kwale-kwalen sunansa mokoro, sandar kuma ngashi. A ganina, duk tsawon tafiyar nan ba a haɗuwa da gwanintar da ta kai ta masu riƙe da sandar, ko da yake su ne aka fi saurin mantawa idan an koma gida ana nuna hotunan giwaye.

Sai an san ruwan kafin a gane aikin. Kogin Okabango ba ya zuwa teku. Daga tuddan Angola yake tasowa, ya ratsa wani siririn yanki na Namibiya, ya shigo Botswana, sai ya bazu a kan yashin Kalahari. Ƙasar shimfiɗe take ƙwarai, don a tsawon kilomita 250 gangarenta kimanin mita 60 ne kacal. Shi ya sa ruwan da ya shigo ta arewa wajen Maris ko Afrilu yakan yi kusan wata huɗu yana rarrafe kafin ya kai Maun. Cikar tana zuwa tsakanin Yuni da Agusta, tsakiyar rani da sanyi a can, lokacin da ko ɗigo ba ya sauka daga sama. A lokacin ruwan kan rufe kimanin murabba'in kilomita 15,000, kuma fiye da kashi 95 cikin 100 nasa rana da tsirrai ne ke shanyewa. A 2014 hukumar UNESCO ta sa wurin cikin wuraren tarihi na duniya, shi ne ya cika na 1,000.

Galibin wannan ruwa bai wuce gwiwa ko ƙugu ba, kuma ciyawa ce tsaye a cikinsa. Jirgi mai inji sai manyan hanyoyi, don ciyawa za ta naɗe masa farfela. Filafili kuma ba shi da wurin wulgawa. Abin da ya rage sai siririn jirgi marar nauyi da sandar da za ta dafa ƙasa.

Matuƙi a can baya yake tsayawa, sau da yawa ba takalmi, ƙafa ɗaya gaba ɗaya baya, gwiwoyi a sake. Fasinja biyu ne a gabansa, zaune a ƙasan jirgin. Tsakanin bakin mokoro da ruwa bai fi tafin hannu ba. Yakan saki ngashi ta zame cikin hannunsa daf da gefen jirgin har ta taɓa ƙasa, sai ya bi ta da hannu bayan hannu yana turawa, nauyin jikinsa na yin aikin, ba damtse ba. Idan ya kai ƙarshen sandar ba ya fizge ta nan take. Yakan bar ta tana jan ruwa a baya na ɗan lokaci, da ita yake karkata hancin jirgin dama ko hagu. Turawa da juya akala duk a motsi guda suke, shi ya sa mai kallo ba ya ganin inda ɗaya ta ƙare ɗaya ta fara. Ana yin ngashi da icen da ake kira mogonono, mai miƙewa da jure lanƙwasa, wasu kuma sukan bar mata ɗan reshe biyu a ƙasa don kada ta nutse a taɓo.

Abin da ido ba ya kamawa shi ne aikin ƙafafu. Duk sanda fasinja ya juya don ɗaukar hoto, ko ya miƙa hannu ga furen bado, jirgin kan karkata, matuƙi kuma ya mayar da shi daidai da tafin ƙafa da ƙugu tun fasinjan bai ankara ba, kamar yadda mace mai ɗauke da tulu a ka take hira tana tafiya, wuyanta na gyara kaya ba tare da ta tsaya ba. Da la'asar, idan an sauka a tsibiri, matuƙa kan ba baƙi sandar su gwada a ruwa marar zurfi. A nan ake gane nauyin abin. Jirgin ya yi ta kewaya wuri guda, ko sandar ta kafe a taɓo jirgin ya wuce ya bar mutum rungume da ita. Darasin farko da ake koya wa baƙo shi ne: in sanda ta kafe, sake ta. 'Ya'yan ƙauyukan bakin ruwan kuwa tun suna ƙanana suke wasa da ita, har ta zama musu kamar tafiya da ƙafa.

Lodi ma fanni ne. Tantuna, jarkokin ruwa, akwatin abinci, tukunyar ƙarfe mai ƙafa uku, duk a mokoro za su tafi. Mai nauyi a tsakiya kuma a ƙasa, a raba shi yadda hanci ba zai nutse ba, a naɗe katifar kwana ta zama wurin zaman fasinja da majinginarsa.

Sai dai tuƙin shi ne ƙaramin ɓangaren sanin. Babban shi ne hanya. Mutumin da ke zaune a mokoro ba ya ganin komai sai ciyawa da papirus da suka fi shi tsawo, ko'ina iri ɗaya. Matuƙi da ke tsaye yana hangen kan itatuwa, ya san wane gungun dabinon daji ne na wane tsibiri, yana kuma duban inda ciyawar ƙarƙashin ruwa ta kwanta don ya san inda ruwa ya nufa. Hanyar bara ba lallai ta zama ta bana ba, domin papirus kan toshe wata, ruwa ya ɓalle ta wata.

Su waye ke buɗe hanyoyin? Dorinai. Kullum da dare sukan fita kiwo, su bi ta cikin ciyawa da ƙirjinsu, su bar siririn lungu mai faɗin jikinsu. Wannan lungun shi ne titin mokoro. Wato dabbar da matuƙi ya fi tsoro, a kan hanyarta yake neman abincinsa. Namijin dorina yakan kai tan ɗaya da rabi, wani ya haura haka nesa, yana iya yin minti biyar a ƙarƙashin ruwa, kuma ba ya son a ratsa masa tafki. Saboda haka matuƙi na karanta alamu tun daga nesa. Ruwan Okabango garau yake, yashi da tsirrai sun tace shi, don haka in ya ga ya gurɓace a wani lungu ya san wani abu mai nauyi bai daɗe da wucewa ba. Yana duban ciyawar da aka karya ko ɗanya ce, da kashin da dorina ta watsa a kan ganye, yana sauraron hucinta. In ya zo bakin tafki mai zurfi ba ya keta tsakiya. Sai ya tsaya cikin ciyawa ya ƙirga kawunan da ke bisa ruwa, wani lokaci ya ƙwanƙwasa gefen jirgi don na ƙasa su ɗago, sannan ya bi gefe-gefe ta inda ruwa bai isa ya ɓoye dorina ba. Kuma yana lissafin rana, don kada magariba ta same shi a lungu lokacin da masu hanyar ke fitowa.

A tsibiri babu shinge, babu famfo, babu bindiga. Da yawa daga tsibiran nan daga suri suka faro, ƙasa ta taru, itatuwa suka kama. Matuƙa ne ke zaɓar inda za a kafa tanti: inuwar kanya, nesa da turbar giwa da mafitar dorina, kuma ba a ƙarƙashin rahaina ba, wadda wasu ke kira nonon giwa, don ɗanta guda in ya faɗo zai iya fasa kai. Su ne ke haƙa ramin bayan gida a bayan wani kurmi, su jingine shebur a bakin hanya, in ba ka ga shebur ba ka san da mutum a ciki. Su ne ke nuna inda za a yi wanka, wuri mai farin yashi da ake ganin ƙasansa, saboda kada. Da asuba su ja baƙi yawo a ƙafa, layi ɗaya, ba surutu, na gaba yana shurin ƙura lokaci-lokaci don ya ga inda iska ke kaɗawa, ya bi da mutane ta inda warinsu ba zai kai ga ɓauna ba. Ranar tashi a kashe wuta, a rufe ramin, a kwashe shara duka a mokoro.

Wannan sani gadon Bayei ne, mutanen da suka gangaro daga wajen kogunan Zambezi da Chobe a ƙarni na 18 da jirginsu da sandarsu. Kakanninsu da mashi mai igiya suke farautar dorina daga cikin mokoro. Da can daga gungumen kanya ko rahaina ake sassaƙa jirgin, itacen da ya girmi mai sassaƙar, jirgin kuma ya yi 'yan shekaru ya fara yoyo. Da baƙi suka yawaita sai aka koma ƙera shi da faibagilas a kan siffar na da. Akwai masu ganin an rage wa abin armashi. Ni ina ganin an yi daidai, tunda gwanintar a jikin matuƙi take, kanya kuwa ta ci gaba da ba da inuwa. Matuƙan sun kuma haɗa kai: sun kafa ƙungiyarsu a Seronga a 1998, akwai ta Kopano Mokoro ta ƙauyukan kusa da Maun, inda ake karɓar baƙi bi da bi don kowa ya samu. Mata da yawa na cikin sana'ar, suna tuƙa jirgi cike da kaya kafaɗa da kafaɗa da maza.

Masana kimiyya ma da sandar nan suka dogara. A 2015 wata tawaga ƙarƙashin Steve Boyes, da tallafin National Geographic, ta tashi daga mafarin kogin Cuito a Angola ta bi ruwan har Botswana, kimanin kilomita 2,400 cikin wata huɗu, a mokoro. A farkon tafiyar kogin ya yi ƙanƙanta har sai da suka yi kwanaki suna jan jiragen da igiya a kan ƙasa, a wani wuri kuma dorina ta kife jirgin Boyes. Cikin matuƙan akwai Tumeletso Setlabosha, wanda aka fi sani da Water, ɗan yankin da ya tashi a cikin ruwan, kuma yana cikin mutum uku da fim ɗin Into the Okavango na 2018 ya bi labarinsu. Na'urorin auna ruwa, da batura, da buhunan abinci, da littattafan ƙirgar tsuntsaye, duk shi da abokan aikinsa ne suka yi dakonsu daga Angola har yashin Kalahari.