Shaiɗanin Tsakar Rana: Ruhubanawan Masar a Idon Ɗan Abzin

Anu Araren gari ne na aikin karɓa-karɓa. A nan kamfanin SONICHAR yake haƙo kwal yana ƙonawa, wutar ta tafi Arlit da Agadas. Ma'aikacin da ya baro iyali a Maraɗi ko Damagaram ya san wata irin gajiya wadda barci ba ya maganinta. Mutanen da suka fara yi wa wannan gajiya binciken ƙwaƙwaf ruhubanawan Kirista ne na hamadar Masar.

Antoniyos, wanda ya rasu a 356, ya rabar da gadonsa ya shige daji. Bakomiyos ya tara mabiyansa a gida ɗaya da doka ɗaya. Wasu suka watsu a Wadin Natrun, kowa da ɗan ɗakinsa, suna tufkar igiya da saƙar kwando da kaba, su sayar su ci, baki na karanta Zabura. Maganganunsu gajeru ne: almajiri ya tambaya, dattijo ya amsa a jimla ɗaya.

A ganina Ibagiriyos, da ya rasu a 399, ya fi su zurfi. Ya lissafa tunani 8 masu kai wa zuciya hari, ya fi daɗewa kan wanda ake kira shaiɗanin tsakar rana. Idan rana ta take, mai ibada sai ya ga yini ya ƙi tafiya, ya riƙa leƙe ko wani zai zo, ya tsani ɗakinsa da sana'arsa, ya tabbatar wa kansa cewa a wani gari ne zai zama mutumin kirki. Maganin da suka bayar ba daɗin ji: zauna inda kake, kama aikin hannu, ka faɗa wa dattijo abin da ke ranka. Yau leƙen ya koma cikin waya, amma ciwon bai sake ba.

Ba duka za a haɗiye ba. Wasunsu sun azabtar da jiki har abin ya zama gasa, kuma Musulmi yana da hujjarsa ta ƙin barin aure, ko da yake Alƙur'ani ya yabi ruhubanawa da rashin girman kai. Halwa kuwa ba baƙuwa ba ce a Abzin. Tun ƙarni na 16 Sidi Mahmud al-Bagdadi ya tara muridai a duwatsun nan.

Reshen Kirista na wannan halwa ya iso ƙasar Buzaye ta hannun Charles de Foucauld, tsohon hafsan sojan Faransa da ya zauna a Tamanrasset daga 1905, ya tattara ƙamus na Buzanci, aka kashe shi ranar 1 ga Disamba 1916, watan da Kawsan, jagoran Buzaye, ya yi wa Faransawa ƙawanya a Agadas. Fadar Paparoma ta sa shi cikin tsarkaka a 2022, amma bai taɓa yanke hulɗa da sojan mulkin mallaka ba, kuma Buzu yana da damar tuna wannan. Kusa da Anu Araren, a Cirozerin, mishan ɗin Katolika da ake dangantawa da Fada Jean Ploussard, wanda ya rasu a 1962, ya fi shahara da makaranta da ɗakin shan magani, a tsakiyar jama'ar da kusan dukkanta Musulmi ce.