Sharhi: Mun Zaga Ibadan da Iseyin, Amma da Kular Shinkafa a Hannu

Bayan Sallar da ta wuce, matasan unguwarmu sun haɗa bas biyu suka kwashi yara da iyaye domin yawon buɗe ido a cikin Ibadan da ƙauyukan Oyo. Ina cikin waɗanda suka je. Kafin in ce komai, jinjina gare su. Sabo an kafa ta tun 1916, amma akwai wanda aka haifa a nan, ya yi furfura a nan, bai taɓa hawa tudun Mapo ba. Duk wanda ya fitar da mu daga lungu ya yi abin kirki. To amma gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba, shi ya sa zan faɗi inda aka yi sake.

Zaɓen wuraren ya yi. Mun fara da Mapo Hall, wanda aka buɗe a 1929, sannan Hasumiyar Bower da ke kan Oke Are, wadda aka gina a 1936. Daga samanta ka hango jajayen rufin kwanon Badun sun malala har iya ganinka. Mun biya ta Cocoa House, benen da aka kammala a 1965 da kuɗin koko. Matsalar ita ce, ba wanda ya yi bayani. A sauka, a ɗauki hoto, a koma mota. Wani yaro ya tambaya, “Kawu, wane ne Bower ɗin?” Aka ce masa ya yi sauri direba na jira. Da an ce masa jami'in Turawan mulkin mallaka ne da aka girke a Ibadan, kuma garin kansa ya faro ne a matsayin sansanin yaƙi wajajen 1829, da ya koma gida da abin da ya fi hoto.

Abin da ya fi yi mini ciwo shi ne maganar abinci. Tun asuba aka loda kuloli na shinkafa da miya daga gida. A Iseyin muka zauna gindin bishiya muna cin abinmu, ga rumfar masu amala can tsallaken titi tana tururi. Haba jama'a! Ina amfanin ka je garin mutane ka ƙi ɗanɗana tuwonsu? Ni dai na zare jiki na tsallaka. Abin da suke kira abula, amala ce ta garin busasshiyar doya, da gbegiri, wato miyar wake, da ewedu, wanda ba komai ba ne illa lalo. Iru ɗin da ke ba miyar ƙamshi kuwa daddawarmu ce ta kalwa. Mai abincin ma Alhaja ce, da na yi sallama ta amsa mini cikakkiya. Wanda ke da shakka kan yanka, tambaya zai yi, ai matambayi ba ya ɓata.

Haka aka yi wa masaƙan Iseyin. Garin ya yi suna da saƙar aso oke, kuma siririn ƙyallen da suke fitarwa kamar ka je wajen masaƙan gargajiya na ƙasar Hausa. Minti goma aka ba mu. Wata Hajiya tana cikin ciniki aka danna mata hon.

A Ado-Awaye, inda tabkin Iyake yake a kan dutse, an isa da rana tsaka. Tsofaffi suka kasa hawa, suka zauna a mota cikin zafi. Waɗanda suka hau kuma, da suka ji abin da mutanen garin suka yi imani da shi game da ruwan, wasu samari suka kama dariya a gaban mai yi mana jagora. Wannan ba tarbiyya ba ce. Ba a ce ka yarda ba, amma baƙo ba ya raina mai masauki.

Wani zai ce duk wannan a kan amala? A'a. Ba mu manta da abin da ya faru a kasuwar Shasha a Fabrairun 2021 ba, yadda rigima ƙarama ta ci rayuka da dukiya. Mutanen da ba su san juna ba sai a wajen ciniki, zuga ba ta da wuyar shiga tsakaninsu. Su suna zuwa Sabo cin tsire da canjin kuɗi, sun san hanyar gidanmu. Mu fa?

Shawarata ga masu shirya ta baɗi: a rage wurare, a ƙara lokaci. A nemi ɗan unguwa mai jin Yarabanci, muna da su birjik, ya riƙa fassara. A hau dutse da sanyin safiya. A bar kula a gida, a yi magana da mai abinci tun kafin ranar. A kuma saka garin Oyo, a ga fadar Alafin da masu sassaƙar ƙwarya a kasuwar Akesan. In an yi haka, ni ne farkon biyan kuɗin kujera.

Allah Ya bar zumunci, Ya zaunar da mu lafiya da maƙwabtanmu.