Horar da Gandirobobin Gunduma a Jihar Teksas: Sharhi a kan Dokar Sandra Bland ta 2017

1. Gabatarwa

Manufarmu a wannan maƙala ita ce mu duba dokar da Majalisar Jihar Teksas ta Amurka ta zartar a 2017, wadda aka fi sani da Dokar Sandra Bland, musamman sashenta da ya shafi horar da gandirobobin gidajen yarin gunduma. Za mu auna ta ne da ma'aunin masu aikin koyarwa, watau mu tambaya: me ake koya wa ma'aikaci, yaushe, kuma ta yaya za a san ya iya? Abin da muke son nunawa shi ne, dokar ta ƙara sa'o'in karatu, amma ba ta gyara lokacin da ya kamata karatun ya zo ba.

2. Gidan yarin gunduma

A Amurka akwai bambanci tsakanin kurkukun jiha da gidan yarin gunduma. Kurkukun jiha na waɗanda aka yanke wa hukunci mai tsawo ne. Shi kuwa na gunduma, a nan ake ajiye wanda aka kamo, da wanda ya kasa biyan beli, da mai ɗan gajeren ɗauri, kuma mafi yawan mazaunansa masu jiran shari'a ne. Teksas tana da gundumomi 254, galibinsu kowace da nata gidan yarin a ƙarƙashin sherif, watau babban jami'in tsaro wanda jama'ar gunduma ke zaɓa. Tsarin ya yi kama da na gidajen yarin En'e, waɗanda Gwamnatin Tarayya ta karɓe a Nijeriya a 1968: kowace hukuma da nata ma'aikatan, da nata ƙarfin aljihun.

Gandiroban gunduma ke nan shi ne ke fara karɓar mutum a sa'ar da ya fi ruɗewa, ko yana cikin maye, ko taɓin hankali, ko firgita. Ƙididdigar Ma'aikatar Shari'a ta Amurka ta daɗe tana nuna cewa kashe kai na cikin manyan sanadin mutuwa a irin waɗannan gidaje, kuma kwanakin farko su ne mafi haɗari.

3. Asalin dokar da abin da ta ƙunsa

Ran 10 ga Yuli, 2015, wani ɗan sandan hanya ya tsayar da Sandra Bland, baƙar fata 'yar shekara 28, saboda ta sauya hannu ba ta ba da sigina ba. Gardama ta kaure, aka kai ta gidan yarin gundumar Waller, aka yanka mata belin dala 5,000. Ran 13 ga wata aka iske ta ta mutu a ɗakin da aka kulle ta, likitan bincike ya ce ita ta rataye kanta. A takardar shigarta an rubuta cewa ta taɓa yunƙurin kashe kanta. Hukumar kula da ƙa'idojin gidajen yari ta jihar, wadda aka kafa a 1975, ta sami gidan da laifi biyu: ba a leƙa ta ido da ido kowace sa'a kamar yadda ƙa'ida ta ce ba, kuma babu shaidar cewa ma'aikatan sun sami horarwar da aka wajabta a kan masu taɓin hankali.

Gwamna Greg Abbott ya sa wa dokar hannu a Yunin 2017. Ta wajabta wa gandiroba karatun sa'a 8 a kan lafiyar hankali. Ta ce dole shugaban gidan yari ya ci jarrabawa. Ta kuma ce idan fursuna ya mutu, wata hukumar tsaro daban ce za ta yi bincike, ba masu gidan ba. Har ila yau ta buƙaci a sama wa fursunoni hanyar ganin masanin lafiyar hankali, ko da ta na'ura ce daga nesa.

4. Sharhi

Ba za mu tauye wa dokar haƙƙinta ba. Jarrabawar shugaba da binciken bare abubuwa ne masu amfani, domin sun cire sherif daga zama alƙalin kansa. Amma muna da ƙorafi uku.

Na farko, lokaci. A lokacin da aka yi dokar, ƙa'idar Teksas ta yarda gunduma ta ɗauki mutum da lasin na wucin gadi, ya riƙe mabuɗai har shekara guda kafin ya kammala kwas ɗin farko, kuma dokar ba ta rufe wannan ƙofa ba. Gyaran da aka yi a 2019 ya ce a sa shi cikin kwas kafin kwana 90 su cika, amma shiga aji daban, ƙarewa daban. Mu da muke horar da malamai mun san ba a tura ɗalibi gwajin koyarwa sai ya karanta dabarun koyarwa, kuma a can ma akwai mai duba shi. Kuskuren sabon malami ana gyara shi gobe. Kuskuren sabon gandiroba yakan zama gawa. Karatun da ya zo bayan wata goma ihu ne bayan hari ga wanda aka kulle a watan farko.

Na biyu, ma'auni. Sa'a 8 yini ɗaya ne na aiki. Ƙirga sa'o'i yana tabbatar da cewa mutum ya zauna a aji, ba ya tabbatar da cewa zai gane alamun wanda ya yanke ƙauna, ko zai iya kwantar da wanda ya harzuƙa ba tare da ƙarfi ba. Irin wannan ƙwarewa sai da gwaji, da maimaitawa, da idon gwani a wurin aiki. Abin lura kuma, a Waller ƙa'idar horarwa tana nan tun kafin mutuwar; abin da aka rasa shi ne mai tabbatar da an bi ta.

Na uku, yanayin aiki. Ƙa'idar jihar ta yarda gandiroba ɗaya ya kula da fursuna 48. Albashi kuwa gunduma ce ke biya, saboda haka ƙaramar gunduma takan horar da mutum, ya tafi inda aka fi biya, ta sake ɗauko sabo na wucin gadi. Dokar da ta ɗora nauyin horarwa ba ta duba wannan ba, tamkar zuba ruwa a kwando ce.

Daɗin daɗawa, gundumomin ba su tsira ba ko ta fuskar shari'a. Tun 1989, a ƙarar birnin Canton da Harris, Kotun Ƙoli ta Amurka ta yanke cewa ana iya kama ƙaramar hukuma da laifi saboda rashin horar da ma'aikatanta, muddin rashin ya kai ga halin ko-in-kula da haƙƙin mutane. A 2016 iyalan Bland sun karɓi diyyar dala miliyan 1.9 ta hanyar sulhu. Kuɗin da aka ƙi kashewa a aji, a kotu ake biyan su.

5. Kammalawa

A tamu fahimtar, dokar horar da gandiroba tana buƙatar sharuɗɗa uku: kada a ba mutum mabuɗi sai ya ƙare kwas, a gwada shi a aikace, ba a takardar halarta kaɗai ba, jiha kuma ta ɗauki wani kaso na kuɗin, don kada ran fursuna ya dogara ga arzikin gundumar da aka kama shi. Dokar 2017 ta taɓa gefen na biyu da jarrabawar shugabanni, ta bar na farko a buɗe. Muna fatan mahalarta wannan taro, musamman masu tsara manhajar koyar da sana'a, za su tattauna wannan batu na lokaci, domin ya shafi kowane aikin da ake damƙa wa sabon ma'aikaci amanar mutane.