Kyamarar da ke tsince leda a cikin auduga: me take gani, me ke wuce ta?

Idan kana bibiyar rubuce-rubuce kan amfani da idon kwamfuta wajen tsaftace auduga, za ka lura kusan duka da labarin nasara suke farawa. Nasarar kuma akwai ta. A Amurka, injinan girbi na John Deere suna naɗe auduga da leda mai launin rawaya ko ruwan hoda, kuma gutsattsarinta kan bi auduga har cikin injin gurza. Masu bincike na ma'aikatar noma ta ƙasar a Lubbock, jihar Texas, suka haɗa wata na'ura mai suna VIPR: kyamara na kallon auduga tana gangarowa, da ta hango launin leda sai iska mai ƙarfi ta fyaɗe shi gefe.

To amma ka lura da abin da ya sa ta yi aiki. Rawaya a kan fari, ai ko yaro zai nuna maka. Ga shi kuma kyamara saman tulin kawai take gani. Abin da ya nutse ciki ya tsira.

Yanzu ka kawo wannan Funtua ko Gusau. A nan da hannu ake tsinkar auduga, a cusa ta a buhun roba irin na taki, wanda galibi fari ne. Zarensa na zamewa ya shiga ciki, injin gurza ya tsattsage shi ya koma siririn gashi, fari a cikin fari. Ba ya shan rini irin na auduga, don haka sai an gama saƙa an rina sannan ya fito fili, yadin ya zama na asara. Shi ya sa na'urorin masaƙu, irin na Uster da Trützschler, ke ƙarawa da wasu nau'o'in haske bayan launi, kuma kuɗinsu ba na ƙaramin kamfanin gurza ba ne.

Saboda haka in ka ga takarda tana alfahari da yawan daidaiton da manhajarta ta samu, fara duba hotunan da aka gwada ta da su. Leda mai launi ce a kan tebur, ko farin zare ne a cikin ƙura, auduga na gudu? Ni a ganina, kuɗin kyamara ɗaya gara a sayi buhunan yadin auduga a raba wa manoma, dillali kuma ya ƙara farashi ga wanda ya kawo mai tsafta. Muddin farashin ɗaya ne, manomi ba zai bar buhun takin da ya samu kyauta ba.