Tsokaci a Kan Koyar da Camfi da Binciken Kimiyya: Misali Daga Dutsen Zuma

1.0 Gabatarwa

A darussan al'ada na makarantun sakandare, abin da aka saba shi ne malami ya kawo ma'anar camfi, ya jero misalai, ɗalibai su haddace domin jarrabawa. A ajin kimiyya kuma ba a tayar da zancen ko kaɗan. Sakamakon haka, yaro yakan bar makaranta ba tare da ya koyi yadda ake tantance labarin da ya ji ba. Wannan muƙala ta yi nazarin wannan giɓi, ta hanyar ɗaukar misali daga Dutsen Zuma da ke kusa da Madalla a ƙasar Suleja.

2.0 Abubuwan Al'ajabi na Dutsen

Dutsen Zuma sananne ne, domin yana gefen hanyar Abuja zuwa Kaduna, kuma an sa hotonsa a takardar naira 100 a shekarar 1999. Abubuwa biyu aka fi yayatawa game da shi. Na farko, siffar fuskar mutum da ake gani a jikinsa. Na biyu, wutar da ake cewa tana kamawa a kansa da damina. A da ma an yi imani cewa duk baƙon da ya kutsa dajin da ke gindinsa ba zai wanye lafiya ba.

Littafin tarihin Abuja na Malam Hassan da Malam Shu'aibu Na'ibi, wanda Frank Heath ya fassara zuwa Ingilishi a 1952, ya kawo yadda Sulaimanu Barau, kafin ya hau gadon sarauta a 1944, ya shiga wannan daji tare da jami'in mulki na lokacin, suka tarar da ƙauye na mutane kamar kowa. Wato tun a wancan zamani an sami wanda ya ce gani ya kori ji.

3.0 Raunin Hanyoyin da Ake Bi

Hanya ta farko ita ce ta watsi, inda malami zai ce duk zancen jahilci ne. Illarta ita ce ɗalibi zai raina bakin da ya ba shi labarin, alhali a irin waɗannan labarai ne tarihin Koro da Gwari na yankin yake ajiye.

Hanya ta biyu ta fi ɓoyayyen haɗari, wato a miƙa wa ɗalibi amsa da sunan kimiyya ba tare da gwaji ba. Misali, akan ce wutar tana tashi ne saboda gogayyar duwatsun da ruwa ke zamar da su. Ɗalibin da ya haddace wannan bai bambanta da wanda ya haddace cewa aikin iskoki ne ba, domin dukkansu karɓa suka yi daga bakin wani. Tambayar farko ita ce: wa ya ga wutar da idonsa, a wane wata, da wane lokaci? Sai an tabbatar da aukuwar abu kafin a nemi dalilinsa.

4.0 Abin da Ya Kamata

Ana iya tsara aikin zango ɗaya tsakanin malaman Hausa da na kimiyya da na lissafi, kamar haka:

(a) Ɗalibai su tattaro labaran dattawa, su rarrabe wanda ya gani da wanda aka gaya wa.

(b) Su zana fuskar daga wurare daban-daban, da safe da yamma, su duba ko siffar tana sauyawa. Daga nan malami zai bayyana cewa dutsen narkakken dutse ne da ya daskare a ƙarƙashin ƙasa, zaizaya ta fito da shi, ruwa da rana suka yi ta sassaƙa jikinsa, kuma idon ɗan Adam yana da saurin hango fuska ko a gajimare.

(c) Su auna tsayinsa ta amfani da ma'aunin kusurwa. Wasu rubuce-rubuce sun ce mita 725 ne, wasu kuma kimanin mita 300. Ɗalibai su gano ko daga gindin dutsen aka fara awon, ko daga matakin teku.

(d) Su rubuta rahoto da Hausa, su ware abin da suka tabbatar da wanda ya gagare su.

Ana iya cewa Hausa ba ta da kalmomin wannan aiki. Amma littafin Ikon Allah na Rupert East da Abubakar Imam ya bayyana halittu da Hausa tun kafin samun mulkin kai.

5.0 Kammalawa

Shawarar wannan muƙala ga masu tsara manhaja ita ce a sanya irin wannan aiki a ƙarƙashin darasin camfi, a kuma ba da maki a kan ingancin hanyar bincike fiye da amsar da aka samu. Ɗalibin da ya rubuta cewa bai sami wanda ya ga wutar da idonsa ba, ya cancanci cikakken maki, muddin ya nuna waɗanda ya tambaya da yadda ya tambaye su. Makarantun wasu garuruwa na iya gwada tsarin da abin da ke kusa da su, kamar Dutsen Dala a Kano ko rijiyar Kusugu a Daura.