BABI NA UKU: SHARHI A KAN DAIDAITA KALMAR "QUESTION" DA KALMAR "TAMBAYA"

3.0 Gabatarwa

A babi na biyu an yi waiwaye a kan ayyukan magabata. A wannan babi kuwa za a dubi kalma guda ɗaya ta Ingilishi, wato "question", da irin yadda aka saba fassara ta da "tambaya" a makarantunmu ba tare da wani ƙarin bayani ba. Ra'ayin wannan bincike shi ne, kalmomin biyu sun yi tarayya a wuri ɗaya ne kawai, sannan kowace ta kama gabanta. An ɗauko misalan Hausa daga bakin mutanen ƙauyukan da ke tsakanin Ɗambatta da Bichi a arewacin Jihar Kano, inda mai wannan bincike ya taso, kuma ya taɓa koyarwa na ɗan lokaci a wata makarantar firamare.

3.1 Ma'anonin kalmar a Ingilishi

Asalin kalmar daga Latin take, daga wani aikatau mai ma'anar nema ko bincike, ta shigo Ingilishi ta hanyar Faransanci. Wannan asali yana da muhimmanci, domin har yanzu ma'anar bincike da ta shakka ba su rabu da ita ba. A dubi waɗannan misalai:

(1) The boy asked a question.
Yaron ya yi tambaya.
(2) The question of inheritance divided the family.
Batun gado ya raba kan iyalin.
(3) The farm in question belongs to his uncle.
Gonar da ake magana a kanta ta baffansa ce.
(4) His honesty is beyond question.
Babu shakka a kan gaskiyarsa.
(5) Selling the farm is out of the question.
Sayar da gonar ba zai yiwu ba sam.

Daga cikin misalan nan biyar, a na farko ne kaɗai "tambaya" ta zauna daidai. A na biyu "batu" ko "mas'ala" ake nufi, a na huɗu "shakka", a na biyar kuwa ma'anar ta koma hani ƙarara. Ɗalibin da aka haddace masa cewa wannan kalma tambaya ce, in ya ci karo da misali na (5), zai ɗauka ana nufin ba a sa sayar da gona a cikin tambayoyin ba. Ke nan ya fahimci kowace kalma, amma jimlar ta kuɓuce masa.

Abin ya fi tsanani idan kalmar ta zo a matsayin aikatau. A Hausa "tambaya" aikatau ne mai sauƙin kai: ya tambayi Audu, ya tambaye shi hanya, ya tambaye ni kuɗi. Wanda ya yi daidai da wannan a Ingilishi shi ne "ask". Shi kuwa "question" a matsayin aikatau, in mutum ne karɓau, titsiyewa yake nufi, irin ta ɗan sanda ko lauya. In kuma magana ce ko hukunci, to nuna shakka ne ko ƙalubalanta. Saboda haka yaron da ya rubuta "I questioned my father", yana nufin ya tambayi mahaifinsa wani abu, ya faɗi abin da ɗa mai tarbiyya ba zai yi ba, alhali bai sani ba.

3.2 Inda "tambaya" ta wuce takwararta

Bai kamata a ɗauka Ingilishi ne kaɗai ke da faɗi a nan ba. A ƙauyukan da aka ambata, in aka ce "an je tambaya", sau da yawa maganar aure ake yi, wato manyan yaro sun je wurin manyan yarinya su ji ko an yi mata miji. In aka ce wane "yana da tambaya", ana nufin ya nemi laƙani ko asiri a wurin malamai da masu magani. Akwai kuma tambayar kabari, wadda kowane ɗan makarantar allo ya san ta. In ban da ta ƙarshen, babu wadda za a mayar Ingilishi da "question" ma'ana ta fita. Manyan ƙamusu irin na Bargery (1934) da na Abraham (1949) da na Ma Newman (1990) suna da sararin jero ma'anoni fiye da ɗaya ga kalma, amma da wuya a ga irinsu a hannun malamin ƙauye. Abin da ke isa ga ɗalibi shi ne jerin kalmomi a kan allo, Ingilishi a hagu, Hausa a dama, ɗaya da ɗaya. A nan kuskuren yake somawa.

3.3 Siga da aiki

A fagen nahawu kalmar ta sake rabuwa biyu. Quirk da abokan aikinsa (1985) sun bambanta sigar jimla da aikin da jimlar ke yi a cikin zance. Sigar sun kira ta "interrogative", suka bar "question" ga aikin neman bayani. Huddleston (1994) ya rubuta maƙala sukutum a kan wannan bambanci, kuma a kansa aka tafi a nahawun Huddleston da Pullum (2002). Wannan bincike ya yarda da wannan rabo, domin shi ne ke warware abubuwa da dama da ke ruɗa ɗalibi. Misali:

(6) Could you close the door?
(7) I wonder where he went.

Ta (6) sigar tambaya gare ta, amma umarni ne cikin ladabi. Wanda ya amsa da "yes" ya ci gaba da zamansa ya yi rashin kunya. Ta (7) kuwa sigar bayani gare ta, ba ta ɗaukar alamar tambaya, amma wanda ya san amsar zai faɗa.

Hausa ba ta da kalmomi biyu da kowa ya sani don wannan rabo. "Tambaya" ce ke ɗaukar duka, shi ya sa a wannan kundi aka zaɓi a riƙa cewa "sigar tambaya" da "aikin tambaya". Amma shi kansa bambancin yana nan a bakin Bahaushe, wataƙila ma fiye da yadda yake a Ingilishi. Mutum biyu in sun haɗu a hanyar gona da damina za a ji: ina kwana, ina gajiya, yaya ruwa, yaya aiki, yaya iyali. Duk sigar tambaya ce, amma amsoshinsu a shirye suke tun kafin a yi su. Wanda geronsa ya ƙone don fari zai ce "ruwa ya yi gyara", kuma ba wanda zai ce ya yi ƙarya. Haka in dattijo ya ce wa saurayi, "Kai yanzu wannan noma ne?", ba amsa yake jira ba, faɗa yake yi. Ita kuwa "anya", kamar a "Anya za a yi ruwa yau?", shakka take nunawa, wato dai ma'anar da aka gani a misali na (4), sai dai Hausa ta ajiye ta a cikin ƙaramar kalmar nahawu, Ingilishi kuma ya bar ta a jikin suna.

Inda wannan bincike bai gamsu ba shi ne yadda ake ɗaukar ma'aunin Ingilishi a auna Hausa da shi. A Ingilishi ana gane sigar tambaya da ido: mataimakin aikatau yana tsallakowa gaban aikau, in babu shi a kawo "do". "He has come" ta koma "Has he come?" A Hausa babu abin da ke tsallake wani:

(8) Audu ya zo.
(9) Audu ya zo?

A rubuce alamar tambaya ce kaɗai ta raba su. A baki kuwa rausayar murya ce ke ɗagawa a ƙarshen ta (9). Newman da Newman (1981) sun nuna cewa akwai ƙwayar ma'ana ta tambaya a Hausa wadda ba baƙi ba ce, ba kuma wasali ba, tsawo ne da karin sauti na ƙasa da ke maƙalewa a gaɓar ƙarshe. Shi ya sa wasalin ƙarshen "fita" gajere ne a "Audu ya fita", amma a "Wa ya fita?" yana tsawaita, muryar kuma ta faɗo. Ƙa'idar rubutun Hausa ba ta nuna tsawon wasali, ba ta kuma nuna karin sauti. Sakamakon haka shi ne, babbar alamar tambaya ta Hausa ba ta bayyana a takarda, har wani ya zaci Hausa ba ta da nahawun tambaya sai jerin wa, me, ina, yaya, yaushe, nawa. Alhali ko a rubuce akwai shaida: ana cewa "sun zo", amma "Su wa suka zo?", ana cewa "suna noma", amma "Me suke nomawa?" Wato kalmar tambaya tana tilasta wa lamirin lokaci komawa siga ta biyu. Wannan shi ne takwaran tsallakowar da Ingilishi ke yi, kuma da an nuna wa ɗalibi shi a harshensa, da bai ɗauki ƙa'idar Ingilishi a matsayin wata fitina ta Turawa ba.

3.4 Tambaya korarriya

Wuri mafi haɗari shi ne tambaya mai korewa. In aka ce wa Bahaushe "Ba ka ci abinci ba?", ya ce "E", to bai ci ba. "E" ɗinsa gaskata maganar mai tambaya take yi. In ya ci, cewa zai yi "A'a, na ci." A Ingilishi abin a juye yake: amsar "Haven't you eaten?" tana bin aikin ne, "no" in ba a ci ba, "yes" in an ci, ko da wace siga aka yi tambayar.

Mai wannan bincike ya ga wannan da idonsa a makarantar da ya koyar. Wani malami ya tambayi yaro ɗan aji biyar, "Didn't you sweep the class?" Yaron ya sunkuyar da kai ya ce "Yes, sir", yana amsa laifinsa cewa bai share ba. Malamin ya leƙa aji ya tarar da shara, ya dawo ya yi masa bulala a kan ƙarya. Yaron bai yi ƙarya ba. Nahawun Hausa ya yi da kalmar Ingilishi. Abin lura kuma shi ne, shi kansa malamin Bahaushe ne, kuma da a Hausa aka yi zancen da ba zai taɓa kuskuren fahimtar yaron ba. In haka ta faru a kan shara, sai a yi tunanin takardar asibiti da aka tsara da Ingilishi, ma'aikaci ya ce wa uwa "Ba a yi wa yaron nan rigakafi ba?", ta ce "E", shi kuma ya rubuta "yes".

Haka abin yake ga 'yar guntuwar tambayar da Ingilishi ke liƙawa a ƙarshen jimla. Hausa "ko?" take cewa, ko "ko ba haka ba?", ga kowace irin jimla. Ingilishi kuwa sai an dubi mataimakin aikatau da aikau da korewa: "He came, didn't he?", "They won't go, will they?" Daga nan ne "isn't it" ta kowane lokaci ta samo gindin zama a bakin ɗalibanmu, domin "ko" suke fassarawa.

3.5 Tambayar da ba a yi

Akwai abu guda da littattafan nahawun da aka ambata ba su shiga ba, domin ba huruminsu ba ne, amma ya shafi ma'anar kalmar a wannan yanki. Karin magana ya ce matambayi ba ya ɓata, amma wannan tambayar hanya ce da ta ilimi. Ba a tambayar magidanci 'ya'yansa nawa, ko dami nawa ya samu bana, ko shanunsa nawa. Wani ɓangare na dalilin kunya ce da gudun baki. Wani ɓangaren kuwa tarihi ne: ƙidayar mutane da dabbobi ta daɗe tana tafiya tare da haraji da jangali, waɗanda sai a 1979 gwamnatin Abubakar Rimi ta soke su a Jihar Kano. Dattawan da suka ga wancan zamani har yanzu ba su sakin jiki da baƙon da ya zo da takarda yana cewa "nawa".

Wannan ya shafi shi kansa wannan bincike. Tun farko an shirya takardar tambayoyi da Ingilishi aka fassara ta, aka shiga ƙauye da ita. Amsar da aka fi samu ita ce "Alhamdu lillahi" da "da dama". Sai da aka ajiye takardar aka zauna a dandali bayan la'asar ana hira, sannan aka samu misalan da aka kawo a 3.2 da 3.3, yawancinsu ma ba tare da an tambayi kowa komai ba.