Sharhi: Waƙar Murna ta Beethoven a Hannun Ɗan Koyo

Duk wanda ya buɗe littafin koyon piyano na ’yan farko da wuya ya rasa ganin karin nan da ake kira Waƙar Murna. An ciro shi ne daga Simfoni na Tara na Ludwig van Beethoven, mutumin Jamus, wanda aka fara kaɗawa a birnin Biyana ranar 7 ga Mayu, 1824, lokacin da kurumta ta riga ta kama mai shi. Baitocin kuwa na Friedrich Schiller ne, tun na 1785.

Dalilin farin jininsa a fili yake. Kusan dukan karin yana tafiya ne a kan sautuka biyar masu maƙwabtaka da juna, wato yatsa ɗaya sauti ɗaya, ba sai hannun dama ya yi yawo ba. Ni kaina da shi na fara, da girmana, kuma ban cika mako ba na iya. Wannan abin yabo ne.

To amma gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba. Ƙorafina na farko shi ne, a gaɓa ta 12 Beethoven ya sa wani sauti ya riga lokacinsa shigowa, kamar mai murnar da ya kasa haƙuri. Da yawan masu sauƙaƙawa sukan mayar da sautin nan kan layi don kada yaro ya yi tuntuɓe. Sun sauƙaƙa, amma sun zare gishirin miyar.

Na biyu, a asali karin ba ya fitowa sai a kashi na huɗu, bayan an shafe kimanin minti 45 ana kai-kawo. Manyan goge masu kaurin murya ne ke fara shi a hankali kamar raɗa, sauran kayan kiɗa su riƙa karɓa, daga bisani muryoyin mutane su shigo. Ɗan koyo yana samun murnar ne ba tare da wahalar da ta haife ta ba. Hatta Franz Liszt, gwanin piyano da ya mayar da simfonin nan tara duka kan piyano, sai da kashi na huɗun ya ba shi wuya.

Ba cewa nake a daina koyar da sauƙaƙƙen ba. Roƙona ga malamai shi ne su bar sautin nan a inda mai shi ya ajiye shi, sannan su zaunar da ɗalibi ya saurari aikin daga farko har ƙarshe, ko da sau ɗaya.

Mu ma marubuta akwai abin lura a nan. Jimla mai sauƙi tana samun nauyinta ne daga abin da aka gina kafin a iso gare ta. Wanda ya tsaya a zaure kada ya ce ya ga gida.